Yadda Ƙasar Jihar Filato Take, Da Dalilin Da Ya Sa Jos Ba Ta Yi Kama Da Shendam Ba

Tambaya: Na daɗe ina jin ana cewa Jihar Filato ƙasar sanyi ce da duwatsu, amma da aiki ya kai ni Shendam sai na tarar da zafi, da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, da gonakin doya iya ganin ido. Ina roƙon a yi mini bayanin yadda ƙasar jihar take, da yadda ta rarrabu, da kuma musabbabin wannan bambanci.

Amsa: Abin da mai tambaya ya tarar a Shendam shi ne ainihin kamannin mafi yawan ƙasar jihar, domin kuwa kaso mafi girma na Jihar Filato ba a kan tsauni yake ba. Faɗin jihar ya haura murabba'in kilomita 26,000, alhali tsaunin Jos gaba ɗayansa bai wuce kimanin murabba'in kilomita 8,600 ba, kuma gefunansa ma sun ɗan leƙa cikin jihohin Bauchi da Kaduna. Wato kusan kashi biyu cikin uku na jihar gangare ne da kwari. Abin da ya sa mutane suke ɗaukar jihar duka a matsayin ƙasar sanyi shi ne, babban birnin da manyan kasuwanni da makarantun da aka fi sani duk a bisa tsaunin suke, baƙo kuwa inda ya sauka shi yake bayar da labari. Jihar ta yi iyaka da Bauchi ta arewa da arewa maso gabas, da Kaduna ta arewa maso yamma, da Nasarawa ta kudu maso yamma, sai Taraba ta kudu maso gabas. An ƙirƙire ta a 1976, kuma ta ɗauki siffarta ta yanzu a 1996 lokacin da aka cire Nasarawa daga cikinta.

Ba za a fahimci tudu da kwarin jihar ba sai an fara da duwatsun da ke ƙarƙashinta, saboda su ne suka tsara tsayin ƙasa, tsayin ƙasa ya tsara iska da ruwan sama, su kuma suka tsara abin da ake nomawa da inda mutane suka zauna. Mafi tsufan duwatsun su ne na harsashi, irin waɗanda ke ƙarƙashin yawancin ƙasar Hausa daga Zariya har Kano, waɗanda suka ɗauki siffarsu ta ƙarshe kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Da su kaɗai ne a wurin, da Jos ba ta bambanta da Zariya ba. Abin da ya bambanta ta ya zo ne daga baya ƙwarai, kimanin shekara miliyan 160 zuwa 170 da suka wuce, lokacin da narkakken dutse ya taso daga can cikin ƙasa ya kutsa cikin tsohon harsashin. A wancan zamani an yi manyan duwatsu masu aman wuta a wurin, da tumbinsu ya zazzage sai samansu ya rufta, ƙasa ta tsattsage a kewaye, wani sabon narkakken dutse ya biyo tsagar ya daskare a ciki. Shi ya sa idan aka dubi hoton yankin daga tauraron ɗan'adam za a ga tsaunukan sun jeru a zagaye kamar zobba, irin su na Jos da Bukuru, da Shere, da Ganawuri, da Ropp, da Amo, da Rukuba, da kuma na Sha da Kaleri. Masana suna kiran waɗannan duwatsu ƙananan giranit (giranit wani irin dutse ne mai tauri), ba don ƙanƙantarsu ba, sai don ƙarancin shekarunsu idan aka kwatanta su da harsashin. Ba kuma a Filato kaɗai suke ba. Jeri ne mai tsawon gaske da ya faro daga duwatsun Azbin a Jamhuriyar Nijar, ya biyo ta Damagaram, da Riruwai a kudancin Kano, da Ningi a Bauchi, ya ratsa Jos har ya tsaya a duwatsun Afu a Nasarawa, kuma duk yadda aka ƙara yin kudu sai shekarunsu su ƙara raguwa. A Jos ne dai suka fi cunkushewa wuri guda, ga su da tauri, ga kuma ɗagowar da ƙasar yankin ta yi daga baya, sai zaizayar miliyoyin shekaru ta cinye abin da ke kewaye ta bar su a tsaye.

Doron tsaunin yana da matsakaicin tsayi na kimanin mita 1,280 daga doron teku, kuma ƙololuwarsa tana duwatsun Shere da ke gabas da birnin Jos, inda ya kai mita 1,829. Ba shi ne wuri mafi tsayi a Nijeriya ba, domin Chappal Waddi na Jihar Taraba ya kai mita 2,419, amma babu wani wuri mai irin wannan tsayi a ƙasar da ya ɗauki birni da jama'a kamar yadda tsaunin Jos ya ɗauka. Wanda bai taɓa zuwa ba yakan zaci saman tsaunin hawa da sauka ne kawai, alhali da zarar an gama hawa sai a tarar da fili buɗaɗɗe mai ciyawa, mai ɗan tudu da gangare, inda ido ke kaiwa nesa, sannan nan da can tsaunuka su taso daga cikin filin. Tsaunukan nan kuwa ba iri ɗaya ba ne, kuma wanda ya iya bambance su ya iya karanta tarihin ƙasar daga tagar mota. Akwai na giranit, masu tulin manyan duwatsu mulmulallu da aka ɗora wani kan wani, waɗanda dutsen Riyom ya fi kowanne shahara a cikinsu. Mutane kan tsaya suna mamakin wanda ya jera su, amma ba a saman ƙasa aka jera su ba. Tun suna binne ruwa ya riƙa bin tsagogin dutsen yana ruɓar da gefuna da kusurwoyi, har kowane yanki ya mulmule a inda yake, daga baya ruwan sama ya wanke ruɓaɓɓen ya bar masu taurin a zaune kan juna. Akwai kuma tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai, waɗanda marmara ta lulluɓe samansu. Su ragowar tsohon narkakken dutse ne da ya malala ya ruɓe ya zama yumɓu, marmarar da ta kafu a kansa ta kare shi daga zaizaya.

Iri na uku shi ne ya fi jan hankalina, kuma a ganina shi ne ba a ba shi haƙƙinsa ba a darussan makaranta. Waɗannan su ne duwatsun aman wuta na baya-bayan nan, masu siffar mazugi, waɗanda har yanzu bakunansu suke a bayyane domin zaizaya ba ta samu lokacin shafe su ba. Ana samun su a wajen Miango da Vom da Kassa, amma sun fi yawa da kyan gani a Ƙaramar Hukumar Mangu, a jerin da ya bi ta Panyam da Kerang da Ampang, inda bakin ɗaya daga cikinsu ya cika da ruwa ya zama tafkin Pidong. Babu ko ɗaya da ke aman wuta a yau. Narkakken dutsen da ya fito daga cikinsu ya bi tsofaffin rafuka ya cike su, ya daskare ya zama baƙin dutse, kuma a Kahwang da ke ƙasar Riyom ana iya ganin yadda ya tsattsage lokacin da yake hucewa ya zama ginshiƙai masu kusurwa a jere a bakin rafi. Amfanin wannan baƙin dutse ga manomi ba ƙarami ba ne. Ƙasar da ta samu daga giranit yashi ce da tsakuwa, mai tsami, marar ƙarfi, wadda sai da taki take ba da abin kirki, shi ya sa acca, wadda ba ta da buƙata mai yawa, ta zama tsohuwar cimar mutanen tsaunin. Ƙasar da ta samu daga baƙin dutse kuwa ja ce mai zurfi, tana riƙe danshi, kuma tana daga cikin dalilan da suka sa yankin Mangu da Panyam ya yi suna a noman masara. Ƙarƙashin waɗannan duwatsu kuma ruwa na taruwa ya ɓuɓɓugo garau, kamar maɓuɓɓugar Kerang da aka daɗe ana ɗura ruwanta a kwalba ana sayarwa.

Batun sanyi lissafi ne mai sauƙi. Iska tana rage zafi da kimanin digiri 6 a ma'aunin Salshiyos a duk mita 1,000 da aka hau, tsakanin Jos da filayen Shendam kuwa akwai tazarar tsayi ta kusan mita 1,000. Saboda haka ko da rana ɗaya ce take haska su, matsakaicin zafin Jos a shekara yana wajen digiri 22 ne, filayen kudu kuwa sun fi haka da digiri biyar ko shida, kuma a watannin Maris da Afrilu zafinsu yakan yi tsanani ƙwarai. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, daren tsaunin yakan sauko kusa da digiri 10. Wannan sanyin dare shi ne sirrin dankalin Turawa na Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, domin dankalin ba ya yin 'ya'ya da kyau idan ƙasa ta yi zafi da dare, kuma shi ne ya sa kabeji da karas da latas suke yi a nan fiye da sauran wurare. Tsayin da buɗewar filin sun kuma rage ƙudan tsando da ke kawo wa shanu sammore, abin da ya jawo makiyaya suka hau tsaunin da garkunansu, ya kuma sa aka kafa cibiyar binciken lafiyar dabbobi a Vom a 1924.

Ruwan sama ma tsaunin ne yake raba shi. Iskar damina tana tasowa ne daga kudu maso yamma, idan ta ci karo da bangon tsaunin sai dole ta hau, tana hawa tana hucewa, sai ta zubar da ruwanta a wannan gefen. Shi ya sa gangaren kudu maso yamma ya fi ko'ina samun ruwa a jihar, Jos tana samun kimanin milimita 1,400 a shekara, amma kafin iskar ta gangara ta gabas zuwa Kanke da Kanam ta riga ta yi asarar yawancin danshinta. Damina takan faro daga Afrilu zuwa Oktoba, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta, kuma ruwa da ƙanƙara ba baƙon abu ba ne a kan tsaunin, manoman dankali da masara sun san ɓarnarsa.

Ruwan da ya sauka a kan tsaunin yana gangarawa ta kowace fuska, kamar an zuba ruwa a bayan ƙwaryar da aka kife, kuma wannan ya sa yankin ya zama mafarin koguna mafi muhimmanci a arewacin Nijeriya. Kogin Dilimi da ya ratsa cikin Jos yana bin arewa ne ya shiga Bauchi, ruwansa ya bi ta Jama'are ya haɗu da na Haɗeja, ya zama Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Kogin Kaduna ya samo asali ne daga kudu maso yammacin Jos, ya ratsa birnin Kaduna ya faɗa kogin Kwara. Gongola ya taso daga gefen gabas, ya yi doguwar kwana ta Bauchi da Gombe ya haɗu da Binuwai a Numan. Ta kudu kuma akwai Mada da Dep da Shemankar da Wase, duk suna gangarawa Binuwai kai tsaye. Wato mai yiwuwa ne hadari guda ya zubar da ruwa a ƙauyuka biyu maƙwabta, na ɗaya ya ƙare a Tekun Atlantika, na ɗayan kuma ya ƙare a fadamun Yobe. Wannan ne ya sa nake ganin sare itatuwa da zaizayar ƙasa a kan tsaunin Jos ba matsalar mutanen Filato ba ce su kaɗai, mai noman rani a Jama'are ma tana shafarsa.

Akwai wani sashe na kamannin tsaunin da ba halitta ce ta yi shi ba. Ƙananan giranit ɗin nan suna ɗauke da kuza, kuma da yake kuza tana da nauyi, idan dutse ya ruɓe ruwa ya kwashe yashi sai ita ta kwanta a gindin rafuka. Mutanen ƙasar sun san ta suna kuma narka ta tun kafin zuwan Turawa, amma haƙa ta kamfanoni ta faro ne a farkon ƙarni na 20, ta kai ƙololuwa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ta durƙushe bayan faɗuwar kasuwar kuza ta duniya a 1985. An birkice ƙasar da ta kai kimanin murabba'in kilomita 300, galibi tsakanin Jos da Bukuru da Barikin Ladi da Bokkos. Wanda ya bi hanyar Bukuru zuwa Barikin Ladi zai ga tulin ƙasa fari da ja wanda ciyawa ba ta son fitowa a kansa, a gefensa ga kududdufi mai zurfi da ruwa shuɗi ko kore, gaɓarsa a tsaye babu gangare, can kuma ga kurmin bishiyar turare da aka dasa don farfaɗo da wurin. Irin waɗannan kududdufai ɗaruruwa ne. Sun ci rayukan mutane da dabbobi, amma kuma su ne suka zama madogarar masu lambu, inda za ka ga injin ban-ruwa a bakin ramin yana tura ruwa zuwa fadamar tumatir da kabeji a tsakiyar rani. Har yau masu haƙar gargajiya suna tona ramukan da ake kira loto suna bin ragowar kuzar a ƙarƙashin ƙasa. A ra'ayina duk taswirar jihar da ba ta nuna wannan yanki a matsayin nau'in ƙasa mai zaman kansa ba, ba ta cika ba.

Daga doron tsaunin sai gefensa, kuma gefen ba ɗaya ba ne a kowace fuska. Ta arewa maso gabas, wajen hanyar Bauchi, saukar a hankali take. Ta yamma da kudu kuwa bango ne a tsaye wanda a wasu wurare ya kai mita 600. Matafiyin da ya fito daga Abuja ta Akwanga ya san Hawan Kibo, inda manyan motoci ke rarrafe suna hayaƙi, kunne ya toshe, kuma cikin 'yan mintuna iskar da ke shigowa ta taga ta sauya daga ɗumi zuwa sanyi. A wannan bango ne koguna ke zubowa su zama magangarar ruwa, kamar ta Assop da ke kusa da wannan hanya, da ta Kurra inda aka kafa tashar wutar lantarki tun wajen 1930 don amfanin kamfanonin kuza, da Farin Ruwa da ke kan iyaka da Nasarawa. Kwazazzaban gefen suna riƙe da kurmi mai duhu wanda ba a samun irinsa a saman tsaunin. Ta kudu maso gabas bangon ya farfashe ya zama tarin duwatsu da kwaruruka, daga Pankshin da Kanke zuwa duwatsun Langtang da na Kofyar, ƙasar atili da gidaje masu shingen ƙerana. Nan ne al'ummu da dama suka fake a zamanin hare-haren bayi, suka kuma koyi jera duwatsu a jikin tsauni hawa-hawa don tare ƙasa da ruwa, dabarar da har yanzu ake ganin sawunta ko da yake da yawa sun sauko fili neman ƙasar noma mai faɗi.

Filin da suka sauko shi ne wanda mai tambaya ya gani. Ya haɗa da yawancin ƙasar Shendam da Qua'an Pan da Mikang da Langtang ta Kudu da Wase, tsayinsa galibi mita 200 zuwa 300 ne, yana ƙara yin ƙasa yayin da ake kusantar Binuwai. Tarihinsa dabam yake da na tsaunin. Fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da nahiyar Afirka take rabuwa da Kudancin Amurka, ƙasa ta tsage ta lotsa a inda kwarin Binuwai yake a yau, teku ta shigo ta janye sau da dama, ta bar shimfiɗun yashi da laka da farar ƙasa waɗanda suka daskare suka zama dutse. Irin wannan dutse yana da laushi, shi ya sa ƙasar ta baje, koguna suka yi faɗi suna tafiya a hankali da gaɓa mai yashi da fadamu masu laka. Ma'adinansa ma dabam ne, domin maimakon kuza, dalma da tutiya ake haƙa a wajen Zurak a ƙasar Wase. Dajin irin na tsakiyar Nijeriya ne, dogayen ciyayi da kaɗanya da ɗorawa da maje da giginya, kuma gandun dajin Pandam da tafkinsa suna nuna yadda yankin yake kafin gona ta ci yawancinsa. Nan ne ƙasar doya da shinkafa da dawa da riɗi. Sai dai duk ruwan da ya sauka a kudancin tsaunin nan yake gangarowa da gudu, kuma ambaliyar 2012, wadda ta karya gadar Shendam ta kuma ɓarnata gonaki a ƙananan hukumomin kudu, ta nuna abin da kan faru idan kogunan suka cika lokaci guda.

A tsakiyar wannan fili dutsen Wase yake tsaye shi kaɗai, tsayinsa kimanin mita 300 daga ƙasan da ke kewaye da shi, gefunansa a miƙe, ana hango shi daga nisan kilomita masu yawa. Maƙogwaron wani tsohon dutse mai aman wuta ne, narkakken dutsen da ya daskare a cikin bututun ya fi jikin tauri, sai jikin ya zaizaye ya bar shi. Da yake mutum da dabba ba sa iya hawansa cikin sauƙi, ya zama ɗaya daga cikin wurare kaɗan a Afirka ta Yamma da aka san farar kwasakwasa tana yin sheƙa.

Ya kamata mai tambaya ya lura cewa rabon siyasa na shiyyoyi uku, wato arewa da tsakiya da kudu, bai yi daidai da rabon halitta ba. Shiyyar tsakiya ta haɗa Bokkos, wadda take cikin wurare mafi tsayi da sanyi, da Kanam, wadda yawancin ƙasarta fili ce mai zafi da ƙarancin ruwa, mai kama da kudancin Bauchi a itatuwa da amfanin gona. A shiyyar arewa ma yankin Jengre na Ƙaramar Hukumar Bassa a gindin tsaunin yake, a kan tsohon harsashin, kuma ƙasarsa ta fi kusa da ta Saminaka a Jihar Kaduna fiye da ta Jos. Waɗannan filaye biyu, na Jengre da na Dengi, hedkwatar Kanam, ba su cikin tsaunin kuma ba su cikin kwarin Binuwai na asali, don haka ya fi dacewa a lissafa su a matsayin yanki na huɗu, wato filayen gindin tsauni, bayan doron tsaunin da gefensa da kuma kwarin kudu.